Sallamar da Umma Ta Riƙe wa Malam

Godiya ta tabbata ga Ubangijin da yake ɓoye waliyyansa a cikin jama'a, har mutum ya shekara yana gaisawa da ɗayansu a bakin titi bai san da wa yake musabaha ba. Daga cikin waɗannan bayin Allah akwai Malam, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, shehi masani, mai tsantseni da gudun duniya, wanda ya haɗa hadda da fiƙihu da nahawu, amma bai taɓa yarda karatu ya zama hanyar cin abincinsa ba. Wannan karama tasa daga bakin ɗalibinsa Tela aka ji ta, wanda shagonsa yake kallon ƙofar gidan Malam, kuma mutum ne da ba a san shi da ƙara wa zance gishiri ba, sai dai ƙara wa wando tsawo idan mai shi bai kula ba.

A ma'aikatar ruwa Malam ya yi aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya, kuma aikinsa shi ne sauraron bututu. Yana da wata doguwar sandar ƙarfe mai kan katako, sai ya kafa ta a kan kwalta, ya ɗora kunnensa a kai, ya lumshe ido, yana neman inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Masu wucewa sukan ɗauka barci yake yi a tsaye, abokan aikinsa kuwa suka sa masa suna Mai Kunne, bai kuma taɓa jin haushin sunan ba. Idan an yi la'asar sai ya shimfiɗa darduma a barandar gidansa, Tela ya rufe shago, makanike ya wanke hannu, ma'aikatan ofis su sassauta wuyan riga, kowa ya buɗe inda ya tsaya jiya, Malam yana biya musu cikin muryar nan tasa da ba ta taɓa tashi sama ba.

A cikin gida kuwa, wanda ya gan shi jikoki sun haye masa wuya suna jan gemunsa ba zai ce shi ne shehin da manya suke durƙusa wa ba. Abu biyu yake sha'awa bayan karatu. Na farko gyaran tsofaffin rediyoyi, har ƙarƙashin gadonsa ya cika da gawawwakinsu, kowacce yana cewa saura kaɗan ta yi magana. Na biyu kiwon tattabaru, waɗanda ya gina wa akurki a kan rufin ɗakin ajiya, daura da igiyar shanya. A nan ne kaɗai ake samun saɓani tsakaninsa da maiɗakinsa, wadda 'ya'ya da ɗalibai duka suke kira Umma, domin tattabarun nan ba su da wurin hutawa sai kan wankinta. Shugaban masu laifin wani namiji ne fari mai baƙin zobe a wuya, ana ce masa Mai Wuya, wanda Tela da hannunsa ya ɗaura wa jan zare a ƙafa don a riƙa gane shi.

Akwai wani abu tsakanin Malam da Umma da duk layin ya sani. Duk safiya zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Hajiya, sai na dawo,” ita kuma daga duk inda take za ta amsa, “A dawo lafiya, Malam.” Idan bai ji wannan amsa ba, ƙafarsa ba ta tsallake dokin ƙofa. An taɓa yin ranar da ya makara wurin aiki saboda tana wanka ba ta ji shi ba, ya tsaya da sandarsa a hannu har ta fito, 'ya'yansa suna ta ƙunshe dariya a bayan labule. Da babban ɗansa ya tsokane shi a kan haka, cewa ya yi, “Addu'a ce ake ba ni kyauta, don me zan fita in bar ta?”

Wata safiya, bayan ritayarsa da shekaru, Umma ta wanke wani farin mayafi da take ji da shi, ta shanya, ba ta ko juya baya ba Mai Wuya da matarsa suka sauka a kai suka yi abin da suka saba, suka ɓata shi da kashi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Malam ya zo bakin ƙofa ya ce, “Hajiya, sai na dawo.” Ta yi shiru. Ya maimaita, ta ci gaba da goge murhu kamar da bango yake magana. Sai ya yi murmushi, ya koma ya kama tattabarun nan biyu ya sa su a keji, ya fita ba tare da an sallame shi ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura musu aure.

Ya tsallaka zuwa shagon Tela. Ya tarar da wani ɗalibinsa direban babbar mota yana jiran a ɗinke masa aljihu, zai kama hanyar garinsu mai nisan tafiyar kwanaki. Malam ya miƙa masa kejin ya ce, “Ka kai su gidanka ka rufe. Ajiya ce.” Tela, wanda ya hango abin da ya faru a bakin ƙofa, ya kasa riƙe bakinsa.

“Allah gafarta Malam, yau an hana mu sallama ke nan?”

“An jinkirta dai,” in ji Malam. Ya zauna a bencin shagon, ya daɗe yana kallon gidansa, sannan ya ce, “Tela, zan ba ka saƙo, amma kada ka isar sai ranar da ka lura igiyar can ta daɗe babu wanki a kanta. Ka ce wa Ummanku, ni da na ƙare rayuwata ina jin ruwa a ƙarƙashin kwalta, ba zan kasa jin abin da ke cikin shirunta ba. Na ji, na kuma amsa. Amma idan tana so ta faɗa da baki, ta faɗa duk ranar da ta huce. Allah Mai ji ne, zai isar.”

Tela ya yi dariya, ya ɗauka irin barkwancin Malam ne, domin a saninsa igiyar Umma ba ta taɓa wuni babu wanki ba. A ranar, bayan an idar da sallar azahar, Malam ya jingina da ginshiƙin masallaci da carbi a hannunsa, idonsa a lumshe kamar mai sauraron bututu, har aka watse aka bar shi. Da ladan ya zo ya taɓa kafaɗarsa, sai ya tarar rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Mutane suka yi ta tururuwar ta'aziyya, kowa da alherin Malam da yake tunawa, har masu zuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya koma na masu shi. A nan ne 'ya'ya suka gane ba kukan rashi kaɗai Umma take yi ba. Ta daina magana sai da kai, abinci sai ta kai loma baki ta mayar, ta hana kowa rataya ko da hankici a igiyar nan, mayafin da tattabaru suka ɓata kuwa ta naɗe shi da dattinsa ta sa a ƙarƙashin matashinta. Likita ya zo ya auna, ya ce bai ga ciwo ba. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa da kansa. Autarsu, wadda ta baro gidan mijinta ta dawo jinya, ta zo shagon Tela karɓar ɗinki, sai kawai ta fashe da kuka ta ce, “Yaya Tela, mun rasa Baba, ga shi kuma Umma tana neman bin sa muna kallo, ta ƙi gaya wa kowa abin da ke cin ta.”

Tela ya ɗaga kai daga kan keken ɗinki ya dubi gidan, ya ga igiya tana lilo ita kaɗai, sai ya tuna saƙon Malam. Ya ajiye almakashi, ya bi Auta, ya yi sallama ya durƙusa a bayan labulen ɗakin Umma, ya isar da saƙon kalma bayan kalma yadda aka ba shi. Can sai aka ji kuka irin wanda aka daɗe ana dannewa, Umma tana cewa, “Sau biyu ya faɗa, Tela. Sau biyu, ina jin sa, na ƙi amsawa a kan mayafi.”

Da kukan ya lafa, ta ce wa Auta ta kama ta. Ta ciro mayafin, ta ƙi yarda kowa ya taya ta, ta wanke shi da hannunta tana hutawa tana ci gaba, ta shanya a igiyar. Sannan ta taka a hankali zuwa bakin ƙofa, daidai inda Malam yake tsayawa, ta dafa bango, ta ce, “A dawo lafiya, Malam.”

Tela ya rantse da Wanda ransa yake hannunSa cewa ba ta rufe baki ba suka ji fiffike a sama. Tattabaru biyu suka kewaya gidan suka sauka a kan igiya, ɗaya fari mai baƙin zobe a wuya, da jan zare a ƙafarsa, kuma Tela ya san ƙullin hannunsa. Nan take ya kira direban a waya. Direba ya ce, “Haba, yanzun nan na zuba musu hatsi na sa kwaɗo, tsaya in duba.” Aka ji takunsa, sannan aka ji yana ta salati. Kwaɗo yana kulle, hatsi yana nan ba a taɓa ba, keji kuwa babu kowa.

Suna tsaye kowa baki buɗe, Mai Wuya ya taka a kan igiya har ya kai kan farin mayafin, ya gyara tsayuwa, ya sake yin abin da ya yi ranar farko. Auta ta yunƙura za ta kore shi, Umma ta riƙe hannunta, sai ga ta tana dariya da hawaye a fuska, dariyar farko tun ranar da aka fita da Malam.

“Ƙyale shi, ɗan aike ne,” in ji ta. “Ɗebo masa hatsi. Ni ma ki zubo min abinci, yunwa nake ji.”

Umma ta warware, ta yi shekaru tana cikin jikokinta, kuma ita ta gaji kiwon tattabarun, tana yi tana musu faɗa kamar da. Duk safiya idan ta buɗe akurki suka tashi, Tela yana jiyo ta daga shago tana ce musu a dawo lafiya. Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya girmama bawanSa da shi, kuma babu mai yi sai Shi. Ya Allah Ka yalwata kabarin Malam, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihai, Ka sada shi da Umma a gidan da babu rabuwa, Ka ba mu albarkacin iliminsa da haƙurinsa, kuma kada Ka bari mu riƙe wa wanda muke ƙauna kyakkyawar kalma har ya tsallake ƙofa. Amin.