Gurbin Taɓarya a Taken Tasalla

A zamanin da sarakuna ke da kunnen saurare, an yi wani birni mai doguwar ganuwa da faffaɗar kasuwa ana ce masa Birnin Lallashi. A cikinsa akwai Jatau ɗan Mantau jikan Barmo, Sarkin Goge ɗan Sarkin Goge, gwani na gwanaye, mai sanyin hannu, mai nauyin baki, wanda in ya ɗora baka a kan tsirkiya har shaho kan manta da 'yan tsaki ya tsaya cak a sama. Ya tsara wa sarki take, ya tsara wa mahauta nasu, ya tsara wa masunta, amma mafificin abin da ya fito daga hannunsa ba don mai rawani ya yi shi ba. Matarsa Tasalla ya yi wa, mace gajeriya kakkaura mai kaifin harshe, wadda Allah bai ba haihuwa ba, daga ita sai shi a gida. Kullum da hantsi tana daka, yana gefe bisa tabarma yana goga mata.

Ranar da aka kai Jatau makwancinsa, wata guguwa ja wur ta faɗo gidan, ta zaga gogen da ke rataye, ta fice. Tun daga nan taken ya ɓace daga kunnen kowa, har na Tasalla kanta. Ta nema, ta nema, ko farkonsa ya ƙi zuwa. Ta kai kuka fada, fadawan nan da suka sha rawa da kiɗan mijinta, marasa kunya, marasa ta-ido, suka ce ai tsufa ne ya taɓa ta. Tsufa, wai! Ta koma gida ta saɓa gogen, ta ja ƙyaure, ta bi sawun guguwar, ba wanda ya taka mata ko zuwa bakin zaure.

Ta ratsa dajin da itatuwansa ke busa kamar sarewa alhali ba iska, ta haye kogin da ba ya jiƙa ƙafa sai dai ya sa mutum kuka, ta wuce wani gari da makaɗansa suka zama duwatsu hannuwansu na bisa ganguna, ta gaishe su ba wanda ya amsa. Daga ƙarshe ta iso Birnin Amo, fadar Darbuzu Sarkin Aljannu, mai gemun hayaƙi, mai idon garwashi, ma'abocin son kiɗa. Tana shiga ta ji shi: takenta, nata na kanta, yana kwarara daga gogen azurfa a hannun wani siririn aljani mai dogayen yatsu, Zangaru Sarkin Kiɗa, ana ta yi masa jinjina wai shi ya tsara.

Tasalla ta durƙusa ta ce, “Allah ya ja zamanin sarki. Ƙara na kawo. Wancan mai yatsu kamar tsinke ɓarawo ne. Mijina Jatau ya yi mini wannan take, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka sace.”

Darbuzu ya ce, “Iya, a ƙasarmu take na hannun da ya iya fitar da shi daga tsirkiya ne. Kin iya goge?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ban taɓa ba. A da ina da mai yi mini.”

Ya ce, “To ki koya. Ranar da kika shirya ki zo. In kin kasa, mu riƙe taken, mu riƙe gogen, ki koma yadda kika zo.”

Aka ba ta wani ɗaki a bayan ganuwa, ba maƙwabci, ba mai sallama. Da hantsi takan laɓe a ƙofar fada ta saurari Zangaru, ta dawo ta murza ƙaro a jikin bakan gogen, ta tokare ƙwaryar gogen a cinya, ta ja. Abin da ya fara fita kukan akuya ne da aka take wa ƙafa, har 'yan aljannu na leƙowa ta katanga suna kwaikwayonta. Yatsun da suka tsufa a kan taɓarya suka kumbura, suka tsage, suka yi kanta. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. In ta gaji takan kalli gogen ta ce, “Jatau, ka ga abin da ka ja mini? Da ka koya mini tun kana raye, me zai rage ka?” Goge dai ba ya amsawa. Sannu a hankali kuwa ya fara.

Ranar da ta koma fada, ta zauna, ta ja taken tiryan-tiryan, garau-garau, har ta kai wani wuri a tsakiya da Zangaru kan cika da ƙawa da lanƙwasa. Nan hannunta ya tsaya da kansa. Ta sake ja, ya sake tsayawa. Zangaru ya tuntsire da dariya ya ce, “Ranka ya daɗe, gyatuma ta yi tuntuɓe.”

Tasalla ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan fatar gogen, don yanzu ta tuna dalili. Ta ɗago ta ce, “Ba tuntuɓe ba ne. Nan Jatau yake jira na. A kawo turmi da taɓarya. Kai kuma ka goga, in ka zo nan ka ɗauke hannu, ka daina cusa shirmenka inda ba a gayyace ka ba.”

Aka kawo. Zangaru ya goga, ya ɗauke hannu, Tasalla ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke: dum! Nan take taken ya haɗu ya cika, ganuwar Birnin Amo ta amsa, gemun Darbuzu ya jiƙe sharkaf. Ya miƙe ya ce, “Na Jatau ɗan Mantau ne, kuma Tasalla ya yi wa. A shelanta sama da ƙasa. Iya, a yi mana gafara.”

Guguwar da ta sace, ita aka sa ta mai da ta gida. Sarkin Lallashi ya naɗa ta Magajiyar Goge, fadawan nan suka zube suna cewa ai su dama sun sani. Ko kallo ba su ishe ta ba.

Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarmar Jatau, ta zauna a wurinsa, ta ja taken. Da ta kai gurbin ta ɗauke hannu. Turminta na kife a gefe, ba mai ɗaga taɓarya. Ta bar gurbin yadda yake, ba ta cika shi da komai ba, ta jira iya jiran da shi yake yi mata, sannan ta ci gaba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba wanda aka bari shi kaɗai haƙuri.