Ƙafar Goggo Tabawa

Ku gyara zama. Wanda ya san zai ce ƙarya nake, ya faɗa tun yanzu mu huta, don in na fara ba na son a katse ni.

A wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, saboda ina da surukai a can, an yi wata tsohuwa mai daddawa, Goggo Tabawa. Matar nan ba ta yarda da kowa ba. Ko gaishe ta ka yi, sai ta leƙa kwandonta. Tana fama da ciwon suga, sai ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, wurin ya ruɓe. Da ɗanta Sallau ya kai ta asibiti, likita ya ba da kwana goma: in gyambon bai nuna alamar warkewa ba, za a yanke ƙafar daga gwiwa.

Goggo ta ce, "Sallau, tambaye shi, waɗanda suka yanke a baya, ina suke kai su?"

Nas uku ne ke kula da ɗakin da aka kwantar da ita.

Ta farko Sista Hansatu, wadda ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Safe da yamma za ta zo ta kankare ruɓaɓɓen naman, ta wanke, ta ɗaure. Goggo na ihu tana tsine mata, ita kuwa sai ta ce, "Miƙo ƙafar." Ko sannu ba ta cewa, amma ba ta taɓa tsallake wanki ɗaya ba. Ita ce ta lura kullum tana tarar da wani baƙin gari a cikin gyambon, alhali ba ita ta zuba ba. Wasu sun ce tausayi ne a ɓoye. Wasu sun ce ba ta son a ce an yanke ƙafa a hannunta ne kawai.

Ta biyu Saude, mai baki kamar zuma. "Goggona, wa ya bar miki kai haka?" Ta zauna ta yi mata kitso, ana hira ana dariya. Garin kwance ɗankwali ta ji ƙulli a gefensa, ashe ƙwayoyin kwana huɗu ne Goggo ta ɗaure ba ta haɗiya ba. Da hira ta yi daɗi, Goggo ta raɗa mata cewa baƙin garin nan ƙanwarta ke kawowa daga wurin wani mai magani, a ƙarƙashin tuwon dubiya. Ta sa Saude ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Kafin la'asar an ƙwace garin, an fara buɗe kowane kwano a bakin ƙofa. Har yau ana gardama ko don Allah aka yi kitson nan, ko leƙen asiri ne tun farko.

Goggo ta fusata. Ta ƙi magani, ta ƙi magana, ta ɗaure kayanta za ta koma gida. Sai ga ta uku, Sista Rakiya, dattijuwa mai shirin ajiye aiki, wadda ake zargi da son zama maimakon aiki. Ba ta roƙe ta ba. Madubin jakarta ta ciro ta kara a tafin ƙafar.

"Yaya, kin taɓa ganin abin da muke faɗa a kansa?"

Ashe Goggo ba ta taɓa gani ba, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan tawa ce?" Ta kwance kayan. Daga ranar kullum sai an kawo madubi ta duba da idonta kafin ta haɗiye ƙwaya. Ranar goma likita ya zo da takardar yanka, Rakiya ta tare shi, ta nuna jan naman da ya fara tohowa a gefe, ta ce a ƙara mako guda. Ya ƙara. Akwai masu cewa tsohuwar jiƙaƙƙa ce tsakaninta da likitan, ta samu hanyar ƙure shi. Ni dai ban ji a bakinta ba.

Goggo ta fita da ƙafarta biyu. A wannan makon matar Sallau ta haifi mace, ya ce lallai sunan wadda ta ceci ƙafar mahaifiyarsa zai sa wa yarinyar. Ya je neman shawarar Goggo.

Ta ce, "Ta farko muguwa ce, ta biyu munafuka. Ta ukun kuma akwai abin da take nema, ban dai gano ba tukuna."

Ga rago a ɗaure, ga liman na jira, jaririya kuwa guda ɗaya ce. To, ku da kuka fi Sallau wayo, sunan wa za a raɗa mata: Hansatu, Saude, ko Rakiya?