Direban da Na'ura Take Gani

Akwai wani mutum, direban wata tirela mai jan kai ne, yana kai masara daga arewa zuwa kudu. A wata mararraba akwai rumfar wata gwauruwa, Mama Rifkatu. Nan direbobi suka saba tsayawa, su ci tuwo a akushi ɗaya, su yi ta tsokanar juna.

Ana nan sai maigidansa ya sa wa motar na'ura. Ita take zaɓar hanya, ita take faɗa wa ofis inda motar take. In direba ya tsaya inda ba a ce ba, nan take waya ta yi ƙara. Sai ya daina tsayawa. Duk Talata in ya zo wucewa, yakan danna hon, Mama ta ɗaga ludayi ta ce, "Kai, mai jan kai, tuwona ya yi maka laifi ne?" Shi kuwa ya wuce, yana cin burodi busasshe a kan sitiyari, ba mai yi masa magana sai muryar na'ura.

Wata Talata zazzaɓi ya kayar da shi tun bai kai mararrabar ba. Ya gangara gefen titi, ya kwanta a inuwar motar yana rawar ɗari. Ofis sun ga motar ta tsaya. Suka kira shi.

"Malam, kaya za su makara. Motar ce ta lalace?"

"Motar lafiyarta ƙalau," in ji shi.

"To, madalla, ka hanzarta." Suka kashe waya.

Mama Rifkatu ba ta da na'ura. Amma rana ta karkata ba ta ji hon ba. Ta rufe tukunya, ta hau acaɓa, ta bi titi tana duba kowace tirela har ta same shi. Ya buɗe ido ya ce, "Mama, wa ya gaya miki?" Ta ce, "Shirunka."

Ma'anar wannan misali ita ce, sanin inda mutum yake daban ne da sanin halin da yake ciki. Ubangiji bai ce mu sa wa juna ido daga nesa ba, cewa ya yi mu ƙaunaci juna. Ku masu motoci da kuke zama a kujerun gaba a majami'a ranar Lahadi, wa ya ba ku ikon hana ɗan Adam tsayawa ya ci abinci cikin mutane? Ku maido masa da wannan haƙƙi, ba alfarma ba ce. Ku kuma dattawan ikilisiya, kun mai da ziyara saƙon waya, kuna ganin kun sauke nauyi. Ba ku sauke ba. Akwai direba a cikinmu da kujerarsa ta daɗe ba kowa. Wa ya ji shirunsa? Wa zai je gidansa yau?