Zomon Da Kunnensa Ya Karye

Akwai wata mata a garinmu nan jihar Wiskonsin, sunanta Denise. In dai biskit ɗin bikin Ista ne, ba a haɗa ta da kowa. Ita ma ta san haka, kuma a nan matsalar take.

Za ta murza kwaɓi, ta yanka shi surar zomaye da ƙwai da 'yan tumaki, ta gasa, ta bari ya huce. Sannan ta dama garin sukari da farin ƙwai, ta raba kala-kala, ta zauna tana zane da leda mai tsinin baki. Zomonta har gashin ido gare shi. In kunne ɗaya ya ɗan karkace, sai kwandon shara. Ba ta ci, ba ta bayarwa.

A wurin uwarta Arlene ta koya. Amma da hannunta ya faɗa, sai ta fara yi wa tsohuwar gyara.

"Mama, wannan zomo ne ko ɓera?"

Arlene dariya kawai take yi. Daga baya ma Denise ta karɓe aikin gaba ɗaya, wai a daina ba ta kunya a coci.

To, bana Arlene tana gidan kula da tsofaffi. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Ba ta gane 'yarta, mijinta Marvin ma sai an taki sa'a. Ana cikin haka, a makon Ista ta daina cin abinci. Miya, dankali, madara, duk ta kau da kai. Ruwa ma sai da lallashi.

Likita ya ja Denise da Marvin gefe. Ya ce in Ista ta wuce ba ta ci ba, sai dai a kai ta asibiti a huda ciki a sa mata robar abinci.

Marvin ya dafa bango. Tun Arlene tana cikin hayyacinta ta sa shi ya yi mata alkawarin ba za a taɓa yi mata haka ba. In ya cika alkawari, zai zuba ido yunwa ta kashe ta. In ya saɓa, ya ci amanarta. Gaba kura, baya siyaki.

Denise ta ce, "Za ta ci. Babu abin da take so kamar biskit ɗin Ista. Ku bar ni da ita."

Ranar Asabar ta yini a kicin, ko zama ba ta yi ba. Da la'asar sai ga Marvin da 'yar roba a hannu. Allah sarki, tsohon da bai taɓa kunna obin ɗin gashi ba, shi ma ya gwada yin biskit. Ya zuba adon tun biskit na da zafi, duk ya narke ya gangaro, ruwan hoda ya shiga shuɗi.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tumaki ne."

"Tumakin da mota ta take? Haba Baba. Mama na can rai a hannun Allah, kai kuma ka kawo mini wasan yara."

"Na ce ko za a haɗa da naki."

"A haɗa da nawa?"

A gaban idonsa ta juye su a shara. Tsohon ya miƙa hannu. Ya karɓi robarsa, ya rufe ta, ya tafi gida.

Ranar Lahadi da aka taso daga coci, suka wuce wurin Arlene. Denise ta buɗe tiren biskit ɗinta a kan ɗan teburin gado. Idon tsohuwar ya kawo haske. Ta miƙa hannu, Denise har ta fara godiya ga Allah.

Sai Arlene ta shiga jera su. Zomaye nan, ƙwai can. Ta gyara wannan, ta matsar da wancan.

Denise ta ɗauki ɗaya ta kai mata baki. Arlene ta ture hannun.

"A'a. Na baƙi ne."

"Mama, babu wasu baƙi. Naki ne, don ke na yi."

"Kar ki taɓa, yarinya. Yanzu za su taso daga coci."

Denise ta yi lallashi, ta yi dabara, ta yi kamar za ta ci don ta ba ta sha'awa. Arlene ta buge mata hannu. Ƙarshe dai matar nan mai ji da kai ta durƙusa a gefen gado tana kuka wiwi.

"Mama, don girman Allah, ko gutsure ɗaya. Gobe fa za su ɗauke ki. Ki taimake ni, Mama."

Arlene ta dube ta kamar yadda ake duban baƙuwa, ta koma kan jerinta.

Marvin ya ce, "Bari in ɗauke tiren, yana tada mata hankali."

Ya ɗaga. Tire ya karkace, zomo ɗaya ya zame ya bugi teburi. Kunnensa ya ɓalle.

Denise ta ɗago a fusace. "Baba, ka ga irin abin da nake..."

Ba ta ƙarasa ba. Arlene ta riga ta ɗauki zomon tana juya shi.

"Ayya. Wannan ya lalace. Ba a ba baƙi irin wannan."

Ta kai baki ta ciza.

Jama'a, ba ka jin komai sai taunarta. Ta cinye, ta tsince kunnen ma ta haɗa.

Marvin ya zauna a bakin gado. A hankali ya ce, "Tun da na aure ta ban taɓa ganin ta ci lafiyayye ba. Karyayyu take ci, da waɗanda suka ƙone, a tsaye a kicin. Yaya aka yi na manta?"

Denise ta dubi tirenta. Ta zaɓi ɗan tunkiyar da ya fi cin ranta wajen zane, ta juya baya, ta karya shi biyu.

"Mama, ga wani ma ya karye."

"Ke dai akwai ganganci," in ji Arlene. Ta karɓa. "Babu madara ne? Ai abin nan ba ya wucewa haka."

Marvin ya fita neman nas, har yana tuntuɓe.

Arlene ta ci rabi, ta tsaya. Ta miƙa wa Denise sauran, ta rage murya.

"Ungo. Da ni da 'yata muke cin irin waɗannan. Yanzu ta girma, ba ta so. Zubarwa take yi."

Denise ta karɓa ta sa a baki.

Da Marvin ya dawo da madara, ta kasa haɗa ido da shi. "Baba, tumakinka na jiya. Ka yafe mini."

"Da sauran kwaɓi a firij," ya ce. "Zan sake yi. Ɓatawa ai na iya."

Ba a kai Arlene asibiti ba. Tun daga ranar, in za a ba ta abinci, cewa ake ragowar baƙi ce, kuma tana ci.

Darasi: Kada gwaninta ta sa ka raina hannun da ya koya maka, ko ka zubar da abin da aka yi da ƙauna don bai yi kyau ba. Wanda ya saba ba ka mai kyau, duba ka ga abin da shi yake ci. In kana da iyaye a raye, yau ka kira su, sannan ka tura wa wani labarin nan ya karanta.