Tayar da Ta Cinye ta Gefe Ɗaya

Akwai wani mutum, manomin lambu, yana zaune shi da matarsa a wani ƙauye bayan duwatsu. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure. Namiji ɗaya ne Allah ya ba su, shi ne auta, sunansa Filibus. Da Filibus ya girma ya shiga aikin soja, aka kai shi nesa, har ya yi shekara shida bai taka gida ba. Wani lokaci sukan ji muryarsa ta waya, in an hau dutsen bayan gari inda waya take kamawa, amma jin murya bai taɓa ƙosar da su ba. Kowace kaka uwar takan ware masa gyaɗa mafi kyau ta ajiye a tulu, in shekara ta zagayo bai zo ba ta rabar, ta sake ware wata. Uban kuwa ba mai yawan magana ba ne. Shi dai ya kama gina ɗaki a gabashin gidan, ya ce na Filibus ne ran da ya dawo.

Mutumin nan yana da babur, tsoho ne amma yana da ƙarfi. Da shi yake kai albasa da tattasai kasuwa. Kullum a gefen hagu yake rataye buhun, gama salansa, wato bututun hayaƙi, tana dama, yana tsoron kada zafinta ya ƙona kayan. In ya dawo gida sai ya jingine babur ɗin a bangon rumbu, gefen hagu yana fuskantar bango, gefen dama yana fuskantar tsakar gida. Saboda haka duk safiyar da ya fito ya dubi tayar baya, gefen dama yake gani, zanenta raɗau kamar jiya aka saya, sai ransa ya yi daɗi.

Ana nan, wata ranar kasuwa ya tsaya wurin wani tsohon mai faci domin a ƙara masa iska. Tsohon ya tsuguna, ya shafa tayar da tafin hannunsa, ya juya ta a hankali. Sa'an nan ya ce, “Ɗan'uwa, zagayo ta nan ka gani.”

Mutumin ya zagaya ya tsuguna. Ga shi kuwa gefen hagu ya suɗe sumul, har a wuri ɗaya zare ya fara leƙowa.

Tsohon ya nuna masa da farce, ya ce, “Ka ga ɗan tudun nan a cikin ramin zanen? Masu yin taya ne suka sa shi. Ran da zane ya cinye ya yi daidai da shi, ranar taya ta gama aikinta. A dama kana da saura. A hagu ka wuce shi tun tuni. Kayanka gefe ɗaya kake ɗorawa, kana tafiya da ƙarancin iska, wanda ya ja maka sarƙa kuma bai daidaita ƙafar ba, ta karkace. Canza ta yau.”

Mutumin ya amsa ya ce, “Baba, ai rabinta sabuwa ce. Yaya zan yar da taya rabinta sabuwa?”

Tsohon ya ce, “Ba a auna taya da gefenta mai kyau. Da gefen da ya lalace ake auna ta, domin ta can za ta kayar da kai.”

Mutumin ya yi dariya, ya ce, “Bari in gama rufin ɗakin yarona tukuna.” Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da ya isa gida ya jingine shi a bangon rumbu kamar yadda ya saba. Ya rufa ɗakin da kwano, ya sa ƙofa da taga, ya shafe shi da farar ƙasa. Mutanen gari suna wucewa suna yabawa. Rani ya wuce, damina ta kama, tayar tana nan.

Wata safiya, bayan an yi ruwa da asuba, malamin makarantar ƙauyen ya gangaro daga dutse da sauri, yana haki, ya yi sallama. Ya ce, “Filibus ya kira. Ana ɗauke su daga kudu zuwa bakin iyaka. Motocinsu za su tsaya a mararrabar babban titi yau da tsakar rana, awa ɗaya kacal, su sha mai su ci abinci. Ya ce in da hali ku zo, yana so ya gan ku. Bai san yaushe zai sake biyowa ba.”

Uwar ta saki muciyar da ke hannunta. Ta shiga ɗaki ta ƙulle gyaɗar nan a tsumma, ta haɗa da dambun nama, ta ɗaura zanen da take zuwa sujada da shi. Daga ƙauyen zuwa mararraba tafiyar awa biyu ce a babur, lokaci kuwa yana nan da ɗan saura. Sa'ad da mutumin ya janye babur ɗin daga bango, idonsa ya faɗa kan gefen hagu, maganar tsohon ta faɗo masa a rai. Amma wurin mai faci yana wata hanya dabam, rana kuwa tana hawa. Ya ce a zuciyarsa, “Ta kai ni kasuwa sau ɗari, yau ma za ta kai ni.”

Suka kama hanya. Matar tana baya, ƙullin yana cinyarta, tana ta magana ita kaɗai. “Ko ya tara gemu? Ko zai gane ni, duk na yi furfura?” Mijin kuwa murmushi kawai yake yi yana ƙara wuta.

Sun ci fiye da rabin hanya suka iso wata gangara inda hanya ta lanƙwasa hagu, ƙasa kuwa jiƙe take da ruwan asuba. Mutumin ya karkata babur ɗin domin ya sha kwanar, nauyinsu duka ya koma kan gefen da ya suɗe. Tayar ba ta sami abin kama ƙasa ba. Ta zame, ta daki wani dutse mai kaifi, ta fashe daidai inda zaren ya leƙo. Suka zube cikin ciyawa a bakin hanya.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya karye. Amma matar ta gurɗe a idon sawu, ta tashi ta taka sau biyu ta koma ta zauna. Mutumin ya dubi tayar, ta yage tsawon tafin hannu. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ba mota, ba babur. Wata mata da ke noma kusa ta zo ta kama matar ta kai ta gindin ɗorawa.

Matar ta miƙa wa mijinta ƙullin, ta ce, “Maigida, ka bar ni nan, ka tafi. Ko ɗayanmu ya gan shi.”

Ya ce, “Yaya zan bar ki a daji?”

Ta ce, “Ga 'yar'uwa tana tare da ni. Ka tafi, ka kalle shi da kyau, ka zo ka faɗa mini.”

Sai ya ɗauki ƙullin ya kama tafiya da ƙafa. Yana gudu, in numfashi ya ƙare ya yi sauri, in ya dawo ya sake gudu, shi da ya haura shekara sittin. Inuwarsa ta taƙaice har ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sa'an nan ta fara fitowa ta ɗaya gefen. Can wata motar itace ta tsaya ta ɗauke shi. Da aka sauke shi a mararraba, rana ta riga ta karkata. Babu motar soja ko ɗaya, sai sawun manyan tayoyi a cikin laka.

Ya tsaya a tsakiyar wurin da ƙulli a hannu. Wata mata mai gasa masara ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ce, “Baba, kai ne mahaifin sojan nan?”

Ya ce, “Ni ne.”

Ta ce, “Na gane ka da goshi. Tun da suka sauka bai zauna ba. 'Yan'uwansa suna cin abinci, shi yana nan tsaye yana duban hanyar duwatsu. Duk babur ɗin da ya ɓullo sai ya taka zuwa bakin titi. Ya sayi masara uku, ya ce ɗaya tasa, biyu na iyayensa, tare za su ci. Aka busa musu usur na tashi sau ɗaya, bai motsa ba. Aka busa na biyu, sai babbansu ya zo da kansa ya dafa kafaɗarsa. Shi ne na ƙarshe da ya hau.” Ta ɗauko masara uku a nannaɗe cikin ganye, sun huce, ta miƙa masa. “Ya ce in gaya muku ya jira. Ya ce a gaya wa Mama lafiyarsa ƙalau, kada ta sa damuwa.”

Mutumin ya karɓa. Sa'an nan ya ce, “'Yata, yaya kamanninsa yanzu?”

Ta ce, “Dogo ne, ya fi ka tsawo. Ba shi da jiki sosai. Yana da ɗan gemu, in ya yi magana yakan sunkuyar da kai.”

Ya ce, “Ƙara faɗa mini.” Ta sake faɗa masa, yana ji yana maimaitawa a hankali domin kada ya manta ko ɗaya kafin ya kai wa matarsa.

Da ya komo gindin ɗorawa, matar ta dubi ƙullin gyaɗa a hannunsa yadda ta ba shi, sai ta gane. Ya zauna kusa da ita ya ba ta masarar, ya faɗa mata abin da mai masara ta ce, kalma bayan kalma. Ba ta zarge shi ba, shi kuwa da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta dai ce, “Ashe ya tara gemun.” Ta rufe fuska da gefen zane.

Kashegari ya tura babur ɗin har wurin tsohon mai faci. Tsohon ya dubi tayar, ya dubi fuskar mutumin, bai tuna masa da kome ba. Ya sa sabuwa, ya daidaita ƙafar, ya nuna masa yadda zai raba kaya biyu a kan katakon da ake ɗaurawa a bayan babur. Aikin duka bai kai awa ɗaya ba. Tun daga ranar babur ɗin a shirye yake, mutumin kuma yakan hau dutsen bayan gari kowace Lahadi bayan sujada, ko waya za ta shigo. Har yanzu suna jira.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Babur ɗin shi ne rayuwar da Allah ya ba kowannenmu ya yi tafiya da ita, tayar baya kuwa ita ce zuciya, gama ita ke ɗauke da nauyin duka. Kowa a cikinmu yana da gefen da yake nuna wa tsakar gida: zuwa sujada, waƙa a ƙungiyar coci, gaisuwa mai daɗi. Yana kuma da gefen da ya juya wa bango. Ga wani, addu'ar ɓoye ce ta mutu shekara da shekaru. Ga wani, ɗan'uwa ne da ya ƙi gafarta masa. Ga wata, baƙin ciki ne take ɗauka ita kaɗai a gefe ɗaya, ba ta taɓa sauke shi a gaban Ubangiji ba. Ba a rana ɗaya wannan gefe yake cinyewa ba, kaɗan kaɗan ne, a kan hanyar da muka saba bi kullum, shi ya sa ba mu ji.

Tsohon mai faci shi ne duk wanda Allah ya aiko ya ce maka, zagayo ka gani. Wataƙila fasto ne, wataƙila matarka ce, wataƙila Ruhu ne yake magana a cikinka sa'ad da kake shiru. Akwai abin da faci yake gyarawa, akwai kuma abin da sai an cire an sa sabo, wannan shi ne tuba.

Ku lura da abu ɗaya. Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana ƙaunar ɗansa da gaske, marmarinsa na gaske ne, har ɗaki ya gina masa. Amma marmari bai kai shi mararraba ba. Da yawa a cikinmu muna marmarin ganin fuskar Ubangiji, muna waƙarsa har da hawaye, amma abin da zai kai mu gare shi mun bar shi yana lalacewa, muna cewa sai mun gama wannan, sai mun gama wancan. Ranar kira kuwa ba ta ba da lokacin gyara.

Sojan nan yana ƙarƙashin umarni, dole ya tafi sa'ad da aka busa. Ubangijinmu mai haƙuri ne, yau ma yana tsaye yana duban hanyar da za ka ɓullo, marmarinsa a kanka ya fi naka a kansa. Amma ba a gaya wa kowa adadin kwanakinsa ba. Kada ka yarda ka zama wanda zai tambayi waɗansu yaya kamannin Mai Cetonsa.

Bari mu sunkuyar da kai. Ya Uba, ka san inda muka cinye, ko da mu mun ƙi dubawa. Ka sabunta mu tun da sauran rana, domin mu iso, mu gan ka ido da ido. Amin.