Mai Jinya da Kwamfuta a Cinya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Kwararafa. Ba zan kama sunansa ba, wasunku sun sha shayi da shi. Sana'arsa saye da sayar da hannun jari. Yana da babbar kwamfuta a zaure, a nan yake wuni yana duba farashi. Allah ya buɗa masa, har ya ajiye tumbi.

Sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a cikin gida. Ƙanwarsa Ummusalma ce ke jinya, ga ta da ƙananan yara a gidan mijinta a Katako. Mutane suka fara magana: uwa tana kwance, ɗan fari yana zaure?

Shi kuwa akwai dabara. Ya kira Sylvanus, mai gyaran kwamfuta a Anguwan Rukuba, ya ja masa waya daga zaure zuwa ɗakin tsohuwa, ya haɗa da ƙaramar kwamfuta irin wadda ake ɗorawa a cinya.

"Oga, ba wahala," in ji Sylvanus. "Ka taɓa wannan, na zaure zai amsa. Kamar kana can."

Abin ya yi masa daɗi. Ya shimfiɗa darduma kusa da gado, ya jingina da bango, yana cinikinsa. Masu zuwa dubiya suna sa masa albarka. Tsohuwa ma ta ji daɗi, duk wanda ya shigo sai ta ce, "Ga shi nan, ba ya barin wurina." Ummusalma ta samu sarari, takan tafi gida da hantsi, ta dawo bayan azahar. Kowa hankalinsa a kwance.

Amma gangar jikinsa ce kawai a ɗakin. In tsohuwa ta ce, "Kai, ɗan nan," sai ya ce, "Ina zuwa, Inna," idonsa na kan kwamfuta. Kana zuwa daga ina, malam? Ba ga ka nan zaune ba?

Ran wata Laraba da hantsi farashi ya yi ta tashi, mutumin naku har murmushi yake. Ya ji tsohuwa ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Ya ji hannunta a kafaɗarsa. Ya ce, "Ina zuwa, Inna." Hannun ya zame.

Bayan azahar Ummusalma ta shigo da kunu. Ta taɓa ƙafar Inna, ta ji sanyi ƙalau. Ta yi salati, sannan ta juyo.

"Yaya, ka laƙƙana mata kalmar shahada? Me ta ce a ƙarshe?"

Bai sani ba. Ko lokacin da rai ya fita bai sani ba.

Daga ranar bai sake iya kallon kwamfuta ba. Sana'a ta mutu, mutum ya rame ya lalace. Har yau yakan tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe min hannu, ya ce, "Malam, me kake ganin ta ce?" Wallahi tausayinsa nake ji.

Ya 'yan uwa, kwamfuta ba ta yi laifi ba, neman halal ma ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne ya zauna don mutane su gani, ya hana mahaifiyarsa kunnensa, ya kuma sa mai jinyar gaskiya ta tafi. In za ka zauna da iyayenka, ka ajiye abin da ke hannunka, ka dube su.

Allah ya kiyaye mu da gafala, ya sa iyayenmu su rabu da mu muna jin kiransu. Amin.