Butar Honarabul Sualihu

Ranar Laraba, goma sha biyar ga watan Maris na shekarar 1989, da ƙarfe goma da rabi na safe, Sualihu ya ɗauki butarsa ya fita daga zauren majalisar gunduma a karo na farko. Ina wurin. Ni ne tafintan majalisar a lokacin, saboda Turancin da na koya a makarantar mishan tun ina yaro, kuma kujerata tana bakin ƙofa. Duk mai fita sai ya gifta ta gabana.

Sualihu shi ne wakilin unguwarmu, Zongon Ɗorawa, a gefen Salaga ta hanyar Yendi. Mutum ne mai fara'a, mai tsafta, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Aibinsa guda ne: ba ya iya jure wani ya ɓata rai da shi. Idan mutum biyu suka kai masa gardama, kowannensu zai koma gida yana ganin shi aka bai wa gaskiya. Saboda wannan halin muka zaɓe shi, muna zaton son zaman lafiya ne.

A ranar nan ana muhawara ne kan dokar kama awakin da ke yawo cikin gari. Masu lambu suna so, matan da ke kiwo ba sa so. Shugaban majalisa ya ce a ɗaga hannu. Sai Sualihu ya miƙe, ya bar hularsa a kan kujera, ya nufo ƙofa da buta.

Na ce masa a hankali, "Honarabul, yanzu za a ƙidaya hannu."

Ya ce, "Walaha, Ticha. Lokacinta na wucewa."

Bai dawo ba sai da aka gama. Da yamma ya shaida wa matan zongo cewa shi bai ɗaga hannu don a kama musu awaki ba. Ya shaida wa masu lambu cewa shi bai ɗaga hannu don a hana dokar ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma kowa ya sa masa albarka.

Daga nan abin ya zama masa hanya. Maganar inda za a haƙa masai na jama'a, ya fita alwala. Maganar ƙaurar da mahauta, ya fita alwala. In da safe ne walaha, in rana ta yi azahar, alhali sauran Musulmin majalisar sukan ɗaga hannunsu tukuna su fita tare. Yakan ɗaga nasa hannun ne kawai idan kowa ya yarda, kamar a gode wa baƙo ko a aika ta'aziyya. Jawabi kuwa ya iya. Amma fassara jawabinsa ta fi ta kowa wuya, domin idan na gama juya shi zuwa Turanci sai in tarar babu abin da ya rage a hannuna. 'Yan majalisa suka sa masa suna Honarabul Buta. Ya ji, ya yi dariya tare da su.

Dole in bayyana abin da zongonmu ke ci a wancan lokaci. A tsakiyar unguwa akwai fili mai faɗi da itatuwan ɗorawa, da tsohuwar rijiya wadda ba ta ƙafewa ko da rani ya yi tsanani. Fataken shanu daga Bawku sukan koro garke a ƙasa, su biyo ta Yendi, su yada zango a filin nan. Shanu su sha ruwa su huta, kafin a wuce da su kudu. Fataken sukan sauka a gidajen masu masauki, waɗanda ke ba su ɗaki, su nemo musu masu saye, su tsaya musu idan rikici ya taso. Babban mai masauki shi ne Alhaji Hudu, kawun Sualihu, wanda ya riƙe shi tun mahaifinsa ya rasu. Dillalai, masu yankan ciyawa, masu igiya, masu jimar fata, da Mma Damata mai sayar da shinkafa da wake a gindin ɗorawa, duk daga filin nan abincinsu ke fitowa.

A shekarar 1991, bayan damina, aka kawo shawara majalisa cewa a fitar da shanu daga gari, a kai su wani daji mai nisa, a mai da filin tashar lori. Masu shawarar ba mugaye ba ne. Ƙuda ya yi yawa, kashin shanu yana toshe magudana, kuma wani sa ya taɓa tunkuyin wata tsohuwa. Wanda ke gaba a maganar shi ne Jibirilu, shugaban direbobi, mutumin Yendi, yayan Latifatu matar Sualihu.

Akwai al'ada a zongonmu. Idan mutane suka zo neman goyon bayanka, sukan kawo goro a ganye. In ba ka tare da su, sai ka shafa ganyen, ka yi godiya, ka mayar musu da abinsu. Ba a jin haushin wannan. In kuwa ka kwance ganyen, ka ɓare goro ka tauna a gabansu, to ka ba da kalmarka, babu sauran rantsuwa.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Alhaji Hudu ya je gidan Sualihu da kansa. Ni ma an kira ni, da Mma Damata, da Mikaila, wani falken Bawku da ya daɗe yana sauka a gidan Alhaji.

Alhaji Hudu ya ajiye goron ya ce, "Sualihu, ban taɓa zuwa ƙofarka da roƙo ba. Wurin da suke so a kai shanun nan, na san shi. Babu ruwa. Idan suka tafi, mun tafi."

Sualihu ya ce, "Kawu, ai da ka aiko na zo. Ni da kai har sai an kawo goro?"

"An kawo. Ka duba shi da kyau kafin ka taɓa."

Mma Damata ta ce, "Honarabul, ranar nan ka yi alwalarka tun daga gida. In ruwa ne ba ka da shi, ni zan kawo maka bokiti."

Aka yi dariya. Sualihu ya kwance ganye, ya ɓare farin goro, ya tauna. Mikaila ya miƙa masa hannu ya ce, "To, zan koma Bawku in gaya wa 'yan uwa su shirya garke. Bana da yawa za mu zo."

Washegari Jibirilu ya zo da direbobi da nasa goron. Ba na wurin, amma Latifatu ce ta kai musu ruwa, kuma daga bakinta unguwa ta ji, bayan an yi ƙuri'a. Jibirilu ya ce, "Honarabul, ƙanwata na ba ka ba tare da na wahalar da kai ba. Yau ni ke nema. Hannu ɗaya ne, ba ya ciwo."

Sualihu ya ce, "Yaya Jibirilu, maganar nan tana da sarƙaƙiya."

"In ba ka so, ga ganye nan, ka shafa ka mayar mini. Sai in san inda na tsaya a gidan nan."

Sualihu ya dubi fuskar Jibirilu, ya ga ta fara canzawa. Ya kwance ganye, ya ɓare jan goro, ya tauna.

Ranar ƙuri'a zauren ya cika. Mutanen zongo sun tsaya a tagogi, direbobi sun tsaya a bakin ƙofa. Sualihu ya yi jawabi mai tsawo. Ya yabi shanu, ya yabi lori, ya ce tsafta rabin addini ce, ya ce baƙo amana ne. Na fassara iyakar ƙoƙarina. Da shugaba ya ce a ɗaga hannu, sai na ga hula a kan kujera, na ji ƙarar murfin buta ta gifta ni.

Aka ƙidaya. Hannuwan suka zo daidai, babu ɓangaren da ya fi. Shugaban majalisa, wani dattijo mai haƙuri, ya cire tabarau ya ce, "Fili na Zongon Ɗorawa ne. Ina wakilinsu? Ticha, ka kira shi."

Na zagaya bayan ginin. Na same shi tsugune a gindin mangwaro, ya cire takalmi, yana karkata buta a kan ƙafarsa yana shafawa. Babu abin da ke zuba. Butar a bushe take, ƙafarsa ma a bushe.

Na ce, "Honarabul, an yi kunnen doki. Hannunka ake jira."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ka ce musu na ta da salla."

"Ba ka ta da ba."

"Ticha, in na ɗaga wa Kawu, da wane ido zan shiga ɗakin Latifatu? In na ɗaga wa Jibirilu, ina zan zauna a zongo? Ka bar su su yanke. Kowa zai san ba ni na yi ba."

"Alhaji Hudu yana taga, yana kallon kujerarka."

Ya ci gaba da shafa ƙafa. Na tsaya har na ga babu amfani, na koma na shaida wa shugaba cewa na same shi, ya ƙi zuwa. Shugaba ya ce idan wakilin unguwar da kansa bai ga abin karewa a filin ba, shi ba zai fi shi kishi ba. Ya jefa tasa ƙuri'ar ga masu tasha. Ni na juya hukuncin zuwa Hausa, da bakina, don mutanen taga su ji.

Da yamma Sualihu ya je gaida kawunsa, ya durƙusa a zaure. Ya ce, "Kawu, Allah shaida ne ban ɗaga hannu a kanku ba."

Alhaji Hudu ya ce, "Na gani. Da ka ɗaga wa surukinka, da na yi fushi wata guda, in ce yaron nan ya ga abin da ban gani ba. Da ka mayar mini da gorona, da na kwana ina bin gidajen sauran wakilai, ko mutum ɗaya na samu ya ishe mu. Ka tauna, shi ya sa na kwanta na yi barci. Tashi ka tafi, lokacin salla ya yi."

Jibirilu ma bai gode masa ba. Ya ce wanda ya ci goron mutum ya gudu, ba a ba shi amanar ko tayar keke. Latifatu ta tafi Yendi gaisuwa, gaisuwar ta yi tsawo, har aka aiko a kwashe kayanta.

Mikaila bai ji labari ba, domin yana hanya. Ya iso da rani da garke mafi girma da ya taɓa korowa, nasa da na 'yan uwansa. Ya tarar an rufe bakin rijiyar da siminti, an kafa allon sanarwa. Aka nuna masa sabon wuri. Shanun da suka yi tafiya tun daga Yendi da ƙishi suka kwana a wurin da babu ko tafki. Waɗanda suka faɗi aka yanka su a nan, aka sayar da naman a wulaƙance. Na je na gan shi zaune a kan gungume, sanda a gwiwa. Ya ce mini, "Ticha, ni na riƙe hannun Honarabul. Me zan je in faɗa a Bawku?"

Bai sake zuwa ba. Mutanen Bawku suka koma loda shanu a manyan motoci, su bi ta Walewale da Tamale, ba sa ko jin ƙanshin garinmu. Tashar kuwa an share ta, an yi rumfa. Sai dai lorin da ake sa rai, yawancinsu fatake da masu saye suke ɗaukowa. Da babu shanu, babu fasinja. Ciyawa ta rufe rumfar kafin damina biyu.

Alhaji Hudu ya rasu ɗakunan baƙinsa a kulle. Ranar jana'iza Sualihu ya zo, ya miƙa hannu zai ɗauki buta a ƙofar gida. Mma Damata ce ke zuba wa mutane ruwa. Ta cika butar har baki, ta ajiye masa a gabansa, ta ce, "Ga shi, Honarabul. Yau da ruwa. Ka yi a tsanake, babu abin da ya rage da za a ƙidaya."

Babu wanda ya yi dariya.

A yau da nake rubuta wannan, ga waɗanda suka rage a bakin filin. Mma Damata, wadda ta koma dafa ƙaramar tukunya. Sayibu mai igiya, wanda idanunsa suka mutu, ba shi da inda za shi. Matan Alhaji Hudu a gida mai ɗakuna da yawa. Dillalai sun koma Kumasi, masu jima sun koma Yendi, samari sun bi jirgin ruwa zuwa Kete Krachi kamun kifi. Akwai ni. Akwai Sualihu, wanda ba a sake zaɓa ba. Yana zaune a ƙofar gidansa, yana gaida duk mai wucewa da fara'a, ana amsa masa. Babu mai gaba da shi, kuma babu mai kai masa goro.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. Wanda jama'a suka ba kujera, hannunsa suka aika, ba murmushinsa ba. Ƙin zaɓa ma zaɓi ne, kuma wasu ne ke biyan kuɗinsa. Idan ba za ka iya tsaya wa mutum ba, ka faɗa masa tun da wuri don ya nemi wani. Ɓacin ransa na rana ɗaya ya fi sauƙi a kan alkawarin da zai sa ya kwanta ya yi barci. Kuma kada mu mai da ibada mafakar tsoro. Mu da ke zaɓe kuwa, mu daina tambayar wa ya fi daɗin baki. Mu tambaya: ranar da magana ta yi zafi, ina yake zaune, kuma wane hannu ya ɗaga?